Gidan Malam Sahabi

A kasuwar Tsafe, shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau, Inna Yelwa na shan fura a rumfa sai wani baƙo ya zauna gefe, ƙafafunsa duk ƙura.

"Inna, ko kin san magajin Malam Sahabi na Gusau? Mai babban gidan nan da masaƙa ke haya da iyalansu. An ce ya dawo nan."

"Mi za ka yi mishi?"

"Gidan nike son saye. Na bi Mada, na bi Wonaka, ban same shi ba."

"Wanga tsohon gida? Ai katangarshi ta zube."

Baƙon ya rage murya. "Ƙofarshi jirgi zai riƙa tsayawa. Fatake da leburori za su yi ta neman ɗaki. Mai gidan bai sani ba, shi ya sa nike sauri."

Yelwa ta ajiye ludayi, ta yi dariya har da tafi.

"Ɗiya ɗaya Malam Sahabi ya bari, ga ta gabanka. Dā sayarwa zan yi."

"Inna, tsaya mu yi magana!"

"Mun gama, Malam. Gobe zan nemi magina. Mai fura, ƙara mishi, ya sha hanya."