Cizon Karen Teku a Hannun Kambai

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu, Baba Maitama. Iyayenmu fastoci da limamai. Iyayenmu mata da suka tashi tun safe suka dafa mana abinci. 'Yan'uwa da suka tuƙo daga Springfield, da waɗanda suka hawo jirgin ƙasa na Metro har nan Wheaton. Yaranmu masu jin Hausa ko da ba sa mayarwa: ina gaishe ku gaba ɗaya, barkanku da zuwa.

Sunana Irene, matar Kambai, wanda hotunan da ya ɗauka ne rataye a bangon nan. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina godiya gare ku da kuka riƙe mana 'yarmu Abby sa'ad da muke nesa. Kun zagaya kun ga hotuna, kun yaba. Ni kuwa na tsaya ne in faɗa muku abin da kyamara ba ta ɗauka ba.

Abu na farko, nisan wurin. Mu takwas muka shiga ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska da inji, daga tsibiran Falkland zuwa wani tsibiri da ake kira South Georgia, can kusa da ƙarshen duniya ta kudu. Maigidana ya tafi don tsuntsaye, ni na tafi don kada ya tafi shi kaɗai. Jama'a, na girma a Kafanchan, ruwan da na sani rafi ne. A tekun nan kuwa na ga igiyar ruwa ta fi ginin nan tsayi, ta taso a gabanmu baƙa wuluk, jirgi ya hau ta yana kuka, ya sauko, wata ta taso. Babu gari a tsibirin, babu filin jirgin sama. Sai duwatsu, sai ƙanƙara, sai dubban tsuntsayen fengwin tsaye kamar masu jiran a fara sujada.

Abu na biyu, cizon. Akwai wata dabba a bakin tekun, kai irin na kare, jiki santsi, muka sa mata suna karen teku. A saukarmu ta ƙarshe Kambai ya durƙusa yana ɗaukar hoto, ɗaya ta fito daga cikin ciyawa ta cafke masa hannun dama. Ciwon bai yi girma ba. Ni nas ce, na wanke, na ɗaure, na ba shi magani. Har dariya ya yi, ya ce, "Maman Abby, ai tsaraba ce ta ba ni." Muka ɗaga muka kama hanyar komawa.

Muna tsakiyar teku hannun ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Na ɗauki biro na zana layi a inda jan fatar ya tsaya, kamar yadda muke yi a asibiti. Da na sake dubawa, jan ya haye layin. Na zana wani a wuyan hannu, ya haye. Na zana wani kusa da gwiwar hannu, ya haye. 'Yan'uwa ma'aikatan jinya da ke nan, kun san abin da wannan yake nufi, kun kuma san abin da za ku yi: ku danna ƙararrawa, likita ya zo. Ni wa zan danna wa?

Na je wurin matuƙiyar jirgin, Kyaftin Sophia, na ce mu juya. Ta ce a bayanmu babu ɗakin tiyata, babu jirgin da zai ɗauke shi. Na ce a kira helikwafta. Ta ce babu helikwaftan da mansa zai isa ya kawo shi nan. Na ce to yaushe za mu isa? Ta dubi sama, ta ce, "Iska a gabanmu take. Ba zan yi miki ƙarya ba, da saura."

Abu na uku, muryar da ta zo mana daga gida. Akwai waya ta tauraron ɗan'adam a jirgin, na kira Dakta Fahad, ga shi can zaune a layi na biyu. Na tarar da shi a mota, ya fito daga masallaci. Na kwatanta masa hannun, ya ce, "Sista Irene, mugunya ta taru a ciki. Sai kin tsaga."

Na ce, "Dakta, ni sashen yara nake aiki. Ban taɓa yanka mutum ba, balle mijina."

Ya ce, "Na sani. Wanke hannunki. Ba zan ajiye wayar ba."

Muka kwantar da Kambai a teburin cin abinci, muka ɗaure shi da igiya don kada ruwa ya jefar da shi, ni ma aka ɗaure ni a kugu. Maza biyu suka danne masa kafaɗa. Kyaftin tana sama tana kallon igiyar ruwa, in ta ga sarari sai ta ƙwala mini kira, in sa wuƙa; in wata ta taso, in ɗaga hannu in jira. Waya tana yankewa tana dawowa. Kambai ya ciji tawul, idanunsa a kaina. Wallahi ban ji tsoron teku ba a ranar, tsoron hannuna nake ji. Jirgi ya karkata kaɗan in yanke masa jijiya, me zan zo in faɗa wa Abby? Me zan faɗa wa mahaifiyarsa a Kagoro?

Na tsaga. Bayan haka na zana sabon layi, na zauna ina gadinsa, ba ci ba sha. Jan ya zo bakin layin ya tsaya. Bai koma ba, amma bai haye ba, har muka hango ƙasa. Likitocin can suka ceci hannun, yatsu biyu kuwa ba su cetu ba, har da wanda yake danna kyamara da shi. Dakta Fahad, a gaban jama'a nake faɗa, ba mu da abin biyanka.

Abu na ƙarshe roƙo ne, kuma ga iyayenmu nake yin sa. Mutumin nan da kuke gani yana murmushi ya koyi ɗaukar hoto da hannun hagu. A makon jiya ya ce mini, "Maman Abby, akwai wani babban tsuntsu da ban samu ba, baɗi jirgin zai koma." Ban amsa masa ba a gida, shi ya sa na kawo amsar nan. Baban Abby, ban taɓa raina abin da kake so ba, hotunan nan ni ma alfaharina ne. Amma har yau in na ɗauki wuƙa a kicin sai in tuna teburin jirgin nan in ajiye ta. Na yi sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Baba Maitama, ya fi jin maganarka. Ka zaunar mini da shi.

Allah Ya kiyaye waɗanda suke kan ruwa a wannan sa'a, da waɗanda suke jiransu a gida. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya albarkaci 'ya'yanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.