Muryar da Ta Maƙale a Kwamfuta

A bencin shagon mai gyaran kwamfuta, wata matashiya ta kasa zama wuri ɗaya, har dattijon da ke jira kusa da ita ya tanka.

"'Yata, bencin cizo yake yi ne?"

"Baba, kayana ne suke dawowa! Na kunna kwamfutata na tarar rabin ma'ajiyarta ya yi ɓatan dabo. Mai gyara ya ce kamar ɗaki ne da aka toshe ƙofarsa, komai yana ciki."

"Anya? Abin da ya tafi ai ya tafi."

"Wallahi ga su can suna fitowa! Takardun aiki ne kawai fa."

"Takardun aiki ake yi wa wannan rawar ƙafa?"

Ta yi dariya, tana goge ido. "To, har da muryar mahaifina, yana tsokanata ranar da yake koya mini tuƙi. Bara ya rasu."

"Allah ya jiƙansa." Dattijon ya juyo gare ta. "Wayar marigayiya uwar yarana tana gida, ta ƙi kunnuwa. Ita ma... kina ganin zai iya?"

"Tashi, Baba, je ka ɗauko ta! Zan riƙe maka layi."