A Murfi Na Rubuta

Fiddausi: Salamu alaikum. Kawu Garba?

Garba: Wa alaikumus salam. A'a, Fiddausi, likitar ruwa! Ya Dutsin-Ma?

Fiddausi: Lafiya lau, Kawu. Ina wuni? Ya mutanen Tamawa?

Garba: Kowa lafiya. Ya aiki? Ya babanki?

Fiddausi: Alhamdu lillahi. Ya Gogo?

Garba: Da sauƙi. Ciki ne ya dame ta, ita da yaran maƙwabta biyu. Zafin gari ne.

Fiddausi: Ciki? Tun yaushe?

Garba: Kwana uku ke nan. Ke, gidan nan fa ya koma kasuwa! Tun da kika auna ruwa kika ce a rufe rijiyar masallaci, duk unguwa a tawa ake ɗiba.

Fiddausi: Kawu, kan maganar na kira. Na yi kuskure.

Garba: Kin yi me? Kin yi ƙuƙumi?

Fiddausi: Kuskure, Kawu! Kana ji na?

Garba: Tsaya in fita zaure. To, faɗi.

Fiddausi: Ranar da na zo, kwalba biyu na cika, ɗaya a rijiyar masallaci, ɗaya a taka. Dokar aikinmu, a jikin kwalba ake rubuta suna tun a bakin rijiya. Ni kuwa ina saurin mota, sai na rubuta a murfi.

Garba: To, murfi ba na kwalba ba ne?

Fiddausi: Buɗe su ake yi a ɗakin awo. Murafen suka musaya.

Garba: Ban gane ba.

Fiddausi: Kuma ba a fitar da sakamako sai mutum na biyu ya duba, an sake ɗibo ruwa an maimaita awon. Ban jira ba. So nake ka ji da wuri, ka ce na iya aiki. Shugabanmu, Malam Mutawakkil, ya ce bai sa hannu sai an sake. Shi ya turo mai babur shekaranjiya ya sake ɗibo ruwan.

Garba: Na gan shi. Har ruwa na ba shi ya sha.

Fiddausi: Sau uku aka auna. Rijiyar masallaci lafiyarta lau. Taka ce ta gurɓata, Kawu. Masai ya yi mata kusa, yana tsatsafowa ciki.

Garba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Fiddausi: Kawu? Kana nan?

Garba: Ina nan. Fiddausi, ni na miƙe bayan sallar Juma'a na ce ɗiyar ƙanwata ta auna, ba ta ƙarya. Liman ya ce a sake gwadawa, na ce raini ne. Da hannuna na sa wa rijiyar masallacin kwaɗo.

Fiddausi: Wallahi tun safe nake riƙe da wayar nan, kunya ta hana ni kira. Ka yafe mani. Gobe zan zo in faɗa gaban Liman da bakina.

Garba: Za ki zo kam. Tare za mu tsaya.

Fiddausi: A kai Gogo da yaran asibitin Kurfi yau. Abin da ke randa a tafasa shi, ko a...

Garba: Dakata! Ga mata nan cike da bakin rijiyar. Sauda! Ke Sauda, saki gugan nan! Kar ki ba yaron! Na ce kar ki...

Fiddausi: Kawu? Kawu!