Jirgin Wata Ba Maƙeri

A tashar Makarfi, shekara biyu da samun mulkin kai, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar Zariya. Direba ya kirawo wani tsohon maƙeri, amma ruwa ya jiƙa gawayinsa. Malam Uwaisu, malamin firamare da zai rubuta jarrabawa a Zariya da azahar, ya tsuguna gabansa riƙe da littafin Turanci.

"Baba, a taimaka a hanzarta. In na rasa jarrabawar nan, sai baɗi."

"Sai wuta ta kama, ɗana. Me ke cikin takardar?"

"Labarin waɗansu ne da suka tafi duniyar wata cikin jirgi. Ƙarfensa ba ya karyewa."

"Da gawayin me aka narka tamar ƙarfensa? Na itacen ƙirya?"

"Kwal ne, a tanderu kamar tsauni."

"Wa ke zuga?"

"Inji."

"Injin ya ƙaurace wa matarsa kwana bakwai? Mu haka muke yi kafin narka tama."

"Baba, inji ba shi da mata."

"Gwauro, shi ya sa ƙarfen ba ya karyewa. To maƙera nawa suka ɗauka cikin jirgin?"

Uwaisu ya juya shafuka. "Akwai farfesa, soja biyu, da kuku."

"Kuku suka tuna! Motar nan ma cewa aka yi ba ta karyewa. Yago mini takardun ƙarshe in hura wuta."

"Haba Baba, ban karanta ba! Ban san ko sun dawo ba."

"Ba maƙeri? Ba su dawo ba. Yago."

Uwaisu ya dubi agogonsa, ya dubi motar, ya yago shafi goma. Tsohon ya ƙyasta ashana, ya miƙa masa zugazugi.

"Zauna nan, yau kai ne injin. Kana da mata?"