Fentin da Ya Rufe Shatin Ruwa

A rumfar jiran mota, hadari na haɗuwa, wata dattijuwa ta ƙura wa takardun mutumin da ke gefenta ido.

"Malam, ku ne masu auna ambaliya? Me ya sa aka cire layin bayan gada daga waɗanda za a gina wa magudana?"

"Ba mu cire kowa ba, Mama. Shatin da ruwa ya bari a bango muke aunawa. Na bi layin nan gida-gida, ko'ina fes."

"Fes? Bara a kan tebur na ɗora jikokina, ruwa har ƙirjina."

"To ina shatin?"

Ta ɗauke ido daga takardun.

"Da aka ce baƙi za su zo duba gidaje, ni na bi maƙwabta na ce kowa ya yi fenti. Wa zai bari baƙo ya ga dattinsa?"

"Babu wanda ya gaya mini."

"Ka tambaye mu ne? Bango ka tambaya, ɗan nan."

"An riga an miƙa rahoton. Sai baɗi."

Aka yi tsawa. Ta miƙe tana ɗaure mayafi.

"To ka dawo gobe da ma'auninka. Bangon zai ba ka amsa."