Rawanin surukina yana wurina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga wani ƙauye kusa da Sandamu nake rubutowa, a sakaya sunana.

Tun ina yaro babu mai riga ni hawa dutsen bayan garinmu. Bana aka yi mini aikin ƙaba, likita ya ce kada in hau ko katanga sai bayan wata uku. Sati biyar na yi, abokai suka fara tsokana wai tawa ta ƙare. Zuciya ta ɗebe ni, na kama dutse.

Ina kaiwa tsakiya ɗinkin ya ɓalle. Na kasa gaba, na kasa baya, ina ta ihu. Babu kowa kusa sai surukina yana kiwon shanu. Dattijon da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, shi ya hau, ya ɗaure mini ciki da rawaninsa, ya goyo ni har ƙasa. Abin da ya ce kawai: "Sannu yarona, riƙe ni da kyau."

Na warke, amma wata biyu ke nan ina kauce wa ƙofar gidansa. Rawanin yana wurina a wanke. Jama'a, da wane ido zan mayar masa?