Fitilar Gidanmu Ta Tafi Jami'a

Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Talatu ce daga yankin Tsanyawa.

A tsadar nan, fitilar sola ɗaya gare mu. Da ƙanena Sani ya samu jami'a, Inna ta ba shi, ni mai ɓare gyaɗa da haskenta ko oho. Ya shanya ta a taga don ta sha rana, kamar yadda muke yi a katangar gidanmu, ya tafi aji. Ya dawo, an ɗauke.

Ɗalibai, ku tsare kayanku, ku kulle ɗaki. Makaranta ba ƙauye ba ce.

Yanzu Inna ta ce a kai masa rediyona, wai akwai tocila a jikinsa. Da shi nake jin ki, Malama. Masu sauraro, in bayar ko in ɓoye?